Shanun Baffa Buba da Suka Yi Baƙi

Zaƙi na ji. Na dangwala ɗan yatsa a garin da ya fito a jikin hoton, na kai bakin harshe kamar yadda na saba, ina jiran in ji gishiri ko in ji lami, sai na ji wani zaƙi-zaƙi mai ƙarnin ƙarfe, kamar an lashi cokalin da aka juya shayi da shi. Na tsaya da yatsan a sama. Ban taɓa jin fenti mai zaƙi ba. A lokacin ina da cikina na fari, har ya fara turo zane.

Sunana Rabi, a Anka nake, kuma sana'ata fenti da gyaran tsofaffin hotunan zane. Ina rubuta wannan ne saboda ku 'yan matan da kuke leƙowa rumfarmu kuna cewa a koya muku. Kun ga bidiyo a waya, an ɗauki auduga an shafa a hoto, datti ya tafi, fuska ta fito fes. Ɗaya daga cikinku har ta ce mini, "Anti Rabi, ai wanga wankin kwano ya fi shi wuya." Ban yi fushi ba. Amma zan ba ku labarin yadda aikin yake, da abin da ya same ni kwanan nan.

Aikin farko da Babana ya ba ni shi ne wankin buroshi. Malam Ummaru mai fenti ake ce masa, shi ke rubuta allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci tun kafin a haife ni. Ba shi da ɗa namiji, idonsa kuma ya fara hazo, sai ya zama in na dawo hutu daga makarantar sakandare a Gummi nakan zauna a bayan rumfa ina taya shi. Na daɗe ban taɓa allo ba. Kananzir a gwangwani, sabulu, tsumma, shi ke nan. Buroshin gashi daban, na roba daban. Wanda aka yi fari da shi ba ya shiga ja har abada. In ka bar buroshi a tsaye kan gashinsa ya kwana, bakinsa ya karkace, ya tashi daga aiki. Baba yakan ɗaga buroshin da na wanke ya goga a farin tsumma. In ya bar ko ɗan alamar launi sai ya miƙo mini ya ce, "Wanga wanka anka yi mai ko alwala?"

Motar farko da na sa wa hannu ta wani direba ce mai jigilar gero daga Bukkuyum. Zaki yake so a ƙyauren baya. Baba ya zana jikin, ya ce in cika gezar. Na zauna na yi ta jan gashi ɗaya-ɗaya ina jin daɗin kaina. Direban ya zo ya tsaya ya duba, ya ce, "Malam Ummaru, zaki na ce, ba amarya da kitso ba." Yaran mota suka kwashe da dariya. Baba ya bari sai da suka tafi cin abinci, sannan ya ja ni baya, can nesa, ya ce in duba daga nan. Gezar ta haɗe ta zama dunƙule. Ya ce zanen mota ba a gabansa ake kallonsa ba, wanda ke biye da ita a hanya shi ne mai kallo. Ya ɗauki buroshi mai faɗi ya yi shara kaɗan, zaki ya tashi. Ranar na gane cewa kafin hannu ya taɓa aiki, sai an san inda aikin zai zauna da wanda zai gan shi.

Gyaran tsohon hoto kuwa wahala ce ta koya mana shi. Shekarar da aka rufe kasuwanni aka yanke layin waya saboda 'yan bindiga, motoci suka daina zuwa, babu mai buɗe sabon shago balle ya nemi allo. Fenti ya yi ta daskarewa a gwangwani. Sai mutane suka fara kawo abin da suke da shi. Wani ya kawo zanen Ka'aba da mahaifinsa ya sa aka yi masa da ya dawo aikin hajji, ruwa ya zubo masa daga rufi. Mai aski ya kawo allonsa da rana ta cinye. Da yawa daga cikinsu mutanen ƙauye ne da suka baro gidajensu, kuma abin da suka ɗauko a ka bai wuce tabarma da tukunya da hoton bango ba. Muka koyi aikin a kansu. Tsinke da auduga a bakinsa, ruwa kaɗan, a fara daga kusurwar da ido ba ya zuwa. Ba a zuba tina, ruwan tsinka fenti, a kan tsohon zane, zai kwashe datti ya haɗa da zanen. Ba a sake fenti a inda na asali yake da rai, sai dai a cike gurbin da ya ɓalle. Hoto ɗaya yakan cinye mako, kuma in an gama mai shi yakan ce, "To mi kunka yi mai?" Wannan shi ne babban yabo a wurinmu.

Abin da ya fi yawa shi ne wani farin gari da ke fitowa a fuskar zane kamar an barbaɗa toka. Kala-kala ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai gishirin da danshin bango ke turowa. Akwai fentin da rana ta cinye mansa ya koma alli. Akwai banish, man ƙyallin da ake rufe zane da shi, da ya tsufa ya yi hazo. A ido duk ɗaya suke. Yadda masu fentin yankinmu ke bambance su tun da can shi ne da harshe. Haka ubangidan Baba ya koya masa, haka shi ma ya koya mini. In ka ji gishiri, danshi ne, a shanya a goge. In ka ji lami yana kama harshe, alli ne, a shafa masa mai. In ka ji ɗaci, banish ne. Muna alfahari da wannan. Baba yakan ce harshensa ya fi idonsa gani.

Hoton da ya kawo wannan labari na Baffa Buba ne, wani dattijo Bafulatani daga Gwashi. Ya zo da shi a nannaɗe cikin bargo, a bayan kabu-kabu, ya rungume shi kamar mara lafiya. Zane ne a kan langa-langa, wani mai zane na Gummi da ya riga mu gidan gaskiya ya yi masa shi tun yana da ƙarfinsa. Garkensa ne a bakin fadama, fararen shanu masu dogayen ƙaho. Ɓarayin shanu sun kore garken gaba ɗaya a rana ɗaya, ko maraƙi ba a bar masa ba, ya dawo Bukkuyum yana zaune a ɗakin haya. Da ya buɗe bargon sai muka ga shanun sun yi dabbare-dabbare, wasu sun koma toka, wasu baƙi ƙirin, ga gari yana fita a jikinsu.

Ya ce, "Ɗiyata, ni ban taɓa kiwon baƙar saniya ba. Waɗanga farare na. Tun da na dawo gari sunka fara baƙi. Ko su ma sun yi fushi da ni?"

Baba ya ce, "Hayaƙi na, Baffa. Rabi za ta wanke maka su."

Na yi kwanaki ina share garin da busasshen buroshi, ina hure shi da baki. Baƙin bai motsa ba. Ruwa bai fitar da shi ba, sabulu bai fitar da shi ba. Shi ya sa na ce bari in ɗanɗana in ji ko mene ne, na kuwa ji zaƙin nan.

Baba yana gefe yana haɗa kore. Ya ɗago ya ce, "Mi kinka ji?"

Na ce, "Zaƙi, Baba."

Ya ajiye sandar juyi. Ya ce akwai wani farin fenti na da, mai nauyi, wanda in ka ɗaga gwangwaninsa sai ka ɗauka dutse ne a ciki. Yana rufe ƙarfe da shafa ɗaya, kuma tsofaffi sukan ce yana da zaƙi. Na tambaye shi me ke sa shi nauyi. Ya ce, "Dalma anka ce."

Ku da kuka taso a Anka ba sai an yi muku bayanin wannan kalma ba. Ina ƙarama lokacin da gubar dalma ta kashe yara a Dareta, amma ina tuna Innata ta dawo daga gaisuwar mutuwa ta tafi wata gaisuwar, duk ta yara ƙanana. Ina tuna abin da aka yi ta faɗa a rediyo, cewa abin da uwa ta sha yana isa ga ɗan da ke cikinta. Na tashi na je bakin randa na yi ta kurkure baki har dasashina ya yi zafi. Na duba zanen jikina, duk farin gari. Na duba ƙasan rumfa inda nake zama in ci abinci.

Baba ya biyo ni yana cewa, "Haba Rabi, ni da na tsufa ina lasa, ga ni tsaye." Amma muryarsa ba ta da ƙarfi, kuma ya ɗauko bargon ya rufe hoton da kansa.

Maigidana Lawali ɗan kabu-kabu ne. Da na gaya masa bai tsaya tambaya ba, ya ce asibiti. Aka ɗebi jinina a kwalba, ma'aikaciyar ta ce sai an aika da shi an auna, in dawo ranar awon cikina. Ta ce kada in ƙara kusantar hoton. Na ce mata ni ban ma tabbata dalmar ce ba. Ta ce, "To ki nemi wanda zai tabbatar."

Mutum ɗaya na sani, Malama Luba, wadda ta koya mana kimiyyar sinadarai a Gummi. Na kira ta. Ta ce kada in taɓa komai, Baba ya ɗaure hanci da baki, ya jiƙa bakin reza, ya kankaro ɗan mitsitsi daga wurare daban-daban, kowanne a takardarsa: daga jikin saniya, daga sararin sama, daga ciyawa. Lawali ya kai ni da safe, muna bin ayarin motoci saboda tsoron hanya.

Tana ganina ta ce, "Rabi'atu Ummaru! Ke da kike barci a bencin baya, yau ke ce da kawo mini samfur?" Ta dubi cikina ta daina dariya. Ta zaunar da ni bakin taga, nesa da teburin, ta sa safar hannu.

Ku saurara da kyau, domin wannan shi ne abin da harshe yake ƙoƙarin yi bai iya ba. Ta jera ƙananan kwalabe, ta zuba kowane gari a tasa. Ta ɗiga musu wani ruwa mai tsami don ya narkar da su. Sannan ta ɗauko wani ruwan, garau kamar na sha, ta ce in akwai dalma zai nuna kansa. Ta ɗiga a na sararin sama, bai canza ba. Ta ce wannan tsohon banish ne kawai. Ta ɗiga a na ciyawa, shiru. Ta ɗiga a na saniya. Nan take ya juye rawaya shar, kamar kwaiduwar ƙwai. Launi ne mai kyau, ban taɓa ganin rawaya mai kyansa a gwangwani ba.

Ta ce, "Dalma ce. Amma a shanun kaɗai take. Kuma kwalbar nan ta gaya mana abin da ke cikin fenti ne, ba ta gaya mana abin da ke cikin jininki ba. Kada ki haɗa su." Ta tambaye ni tun yaushe nake aikin hoton, da ko ina wanke hannu kafin in ci abinci. Na amsa abin da na iya. Ba ta ce mini babu komai ba, ba ta kuma ce akwai ba. Ta ce a jira jini.

Sai ta koma kan baƙin. Ta ce, "A ina mai hoton nan yake rataye shi?" Lawali ya san ɗakin don ya taɓa kai Baffa gida, ya ce bayan tagar akwai kwata da salga, warin wurin kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta tafa hannu ta ce shi ke nan. Wannan warin iska ce, in ta haɗu da farin dalma sai ta mai da shi baƙi. Ba datti ba ne, shi ya sa ba ya wankuwa, fentin ne da kansa ya sauya. A ruga iska na wucewa, shi ya sa can bai yi ba. Ta ce akwai ruwan wanke ciwo mai kumfa da ake sayarwa a kemis, in aka ɗan taɓa shi da auduga yakan mai da baƙin fari. A gwada a kusurwa tukuna. Kada a goge a bushe, kada a hura, kada a kusanto da samfefa. In an gama a rufe da sabon banish don garin ya daina tashi. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ke kuma ba da hannunki ba."

Kwanakin jira ba zan ba ku labarinsu ba. Abin da zan faɗa shi ne an kankare ƙasan rumfa an haƙa rami an binne, an zuba sabon yashi, Inna ta ƙona zanen da nake ɗaurawa in zan yi aiki.

Aikin shanun Baba ne ya yi shi, ni ina cikin ɗaki ina leƙowa ta taga. Ya ɗaure fuska da takunkumi, ya sa safar roba yana ta mita wai an mai da shi likitan haƙori. Idonsa ba ya ganin ƙananan wurare, sai nake gaya masa daga nesa: "Ƙasa kaɗan, Baba. Hagu. Tsaya nan, wuyanta ne." Ya fara da ƙafar wata saniya a can gefe. Ya tsoma auduga a ruwan kumfan, ya ɗora, ya ɗaga. Babu komai. Ya sake. Muka zuba ido. Can sai wurin ya fara washewa, daga baƙi zuwa toka, daga toka zuwa fari mai ɗan duhu kamar nono a ƙwarya.

Baffa Buba yana zaune kan benci a bakin rumfa, an hana shi matsowa. Da saniyar farko ta fito sai ya miƙe. Ya ce, "Daneye ce wagga." Baba ya matsa kan ta gaba, Baffa ya ce, "Fure. Uwar garke, ita ka shiga ruwa gaba." Haka ya yi ta kiransu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wadda ta haifi wadda, wadda ke harbi in ana tatsa. Akwai guda biyu da baƙin ya ci su sosai, ba su dawo duka ba, sun tsaya da ɗigo-ɗigo. Baba ya ce zai iya shafa musu sabon fari. Baffa ya ce a'a, a bar su, ba ya son hannun wani a kansu. Muka gaya masa ya canza musu bango, nesa da taga, kuma kada jikoki su taɓa. Ya ce, "Ashe ba fushi sunka yi ba, wari na ya dame su. Ai ni ma ya dame ni."

Tun daga ranar babu mai kai fenti baki a rumfarmu. Ba ni na hana ba, Baba ne. Wani tsohon abokin sana'arsa ya zo yana yi masa tsiya wai ya bar ɗiya da malamar boko sun ƙwace masa harshe. Baba ya ce, "Harshen nawa na nan, miya nike ɗanɗanawa da shi." Baba ma ya je ya ba da jininsa ba tare da kowa ya matsa masa ba. Yanzu duk tsohon zanen da aka kawo, in yana fitar da gari, sai an kankari ɗan kaɗan an kai Gummi kafin a taɓa shi. Malama Luba ta ce in na sauka lafiya za ta koya mini gwajin da kaina. Don haka duk wadda ke son wannan aiki a cikinku, ta zo, akwai abinci a cikinsa, kuma mutane suna da abubuwan da suke so a ceto musu. Amma ta san za ta fara da wankin buroshi, kuma ta san hoton da ya fi kyau yana iya zama shi ne mai cutarwa.

Ranar awo na je da wuri na zauna a layi tare da sauran mata. Ana ta hira kan tsadar gero da sunayen da za a sa wa yara, ni ban ji ko rabi ba. Da aka kira ni na shiga, ma'aikaciyar nan ce dai. Ta auna cikin, ta ɗora abin sauraro, ta daɗe tana ji, ni kuma ina kallon silin. Sannan ta duba sakamakon ta ce, "Ke ce mai lasar fenti ko?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Allah ya rufa miki asiri. Abin da ke jininki bai kai inda ake tsoro ba, ko kusa. Za mu sake dubawa kafin ki haihu don hankali ya kwanta, amma ke da abin da ke cikinki lafiyarku lau. Ga zuciyarsa nan tana bugawa kamar ana daka."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake, a hankali, tana riƙe da hannuna. Sannan ta ce in tashi, akwai mutane a baya.

Na fito na kai bencin farko. Na zauna ina haki, hawaye na zuba, na kasa tsayar da su. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta matso da sauri ta dafa ni ta ce, "Subhanallahi, ɗiyata, naƙuda ta? A kira miki nas?"

Na ce, "A'a Inna. Lafiya anka ce ina da ita."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To in lafiya ta, matsa mini in zauna."